Lambobin da ke bayan safar hannu ta aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar walda da yankan kwano kusa da kasuwar Katako a Yamai. Na saya wa yaran shagona safar hannu mai hoton guduma da rubutun 4X42C, amma bakin kwano ya yanki ɗayansu a tafin hannu. Me rubutun yake nufi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Hoton guduma a cikin garkuwa alama ce ta ƙa'idar Turai mai suna EN 388, wadda aka sabunta a 2016. Lambar farko tana nuna jure gogayya, kuma 4 ita ce ƙoli, wato safar ta jure gugar takarda mai kaushi sau 8,000. Ta uku jure yagewa ce, ta huɗu kuwa jure huda, kowacce daga 1 zuwa 4.

Abin da ya fi shafarka shi ne yanka. X ɗin da ke gurbi na biyu yana nufin ba a yi tsohon gwajin reza mai juyawa ba, domin zaren da aka haɗa da ƙarfe ko gilashi yana dakushe rezar har sakamakon ya ruɗe. Shi ya sa aka ƙaro harafin ƙarshe, daga A zuwa F, wanda ke nuna ƙarfin da miƙaƙƙiyar reza take buƙata kafin ta keta safar: C niyutan 10 (niyutan ma'aunin ƙarfi ne), D 15, E 22, F kuma 30. A ganina C ta yi kaɗan ga yaron da ke jan fallen kwano sabon yanka, mai baki kamar aska. Ka nemi D ko E, ko da kuɗinta ya fi.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka. EN 388 ba ta ce komai game da wuta ba, kuma safar zaren roba tana iya narkewa ta manne wa fata idan tartsatsi ya faɗa mata. Don walda ka nemi ta fata mai dogon wuya wadda aka rubuta wa EN 12477, wato ƙa'idar safar masu walda.

Ka kuma tuna cewa sabuwar safa ake gwadawa, a tafin hannu. Wadda ta sha mai da ƙura har zarenta ya fara fitowa a yatsu ta riga ta rabu da lambarta, sai a canja ta.