Atishawar Da Ba Ta Jin Maganin Mura

Tambaya: Likita, a Tudun Hatsi nake sana'a, nan Gombe. Da an fara juye buhunan gero sai atishawa, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi. Piriton na sa ni gyangyaɗi a rumfa. An ba ni garin magani in shaƙa. Wane na gargajiya ne zai taimaka?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka kwatanta ya fi kama da borin jini na hanci, ba mura ba. Jikinka ne ke ɗaukar ƙurar hatsi a matsayin abokiyar gaba, sai ya saki sinadarin histamin, cikin hanci ya kumbura ya yi ta zuba. Hazon hunturu da hayaƙin turaren wuta na ƙara tunzura shi.

Garin nan dai, don Allah ajiye shi. Hancin da ƙura ta riga ta fusata ba a ƙara masa gari. Haka ɗiga ruwan tafarnuwa, ƙona fatar ciki yake yi.

Abin da na fi yarda da shi yana madafin gidanka: ruwan gishiri. Tafasa ruwa kofi ɗaya, kimanin mililita 250, bar shi ya huce, zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ɗebo da sirinji mai tsabta marar allura, sunkuya, karkata kai, tura ta ƙofar hanci ɗaya ya fito ta ɗayar. Yi da safe, ka sake yi da ka dawo daga kasuwa, za ka ga abin da ke fita. Kada ka yi da ɗanyen ruwan rijiya.

Habbatussauda da citta an gwada su a ƙananan bincike, sun rage wa wasu atishawa da toshewar hanci. Sha su a shayi ko kunu daidai misali. Sauƙi suke kawowa, ba sa tumɓuke ciwon. Sirace na buɗe hanci na ɗan lokaci ne kawai. Mai shan maganin tsinka jini ya tuntuɓi likita kafin ya yawaita citta.

Sa takunkumi lokacin awo da juye buhu. Loratadine, wani maganin borin jini, bai kai Piriton sa barci ba.

Amma idan ƙirji ya fara shaƙewa da dare, ko numfashi na yin ƙara kamar ana fito, ko gefe ɗaya na hanci ne kullum a toshe yana jini, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya, a duba ko asma ce ke tafe, ko kuma wata matsala ce a cikin hancin.