Ganyen dankalina ya koɗe, in ƙara masa yuriya?

Tambaya: Malam, ina noman dankalin turawa a wajen Ngaundere. Na zuba takin zamani 20-10-10 lokacin shuka, yau kwana 50 ke nan, ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, mai shagon taki kuma ya ce in ƙara buhu biyu na yuriya. Da bashi na yi noman nan. Na ji ana gwada ganye kafin a ƙara taki, yaya abin yake?

Amsa: Alhaji, ka dakata da sayen buhunan nan tukuna. Ba faffaɗan ganyen ake gwadawa ba, tsinken da ke riƙe da ƙananan ganyayen ake so, domin a cikinsa naitiret, wato sinadarin naitirojin da shuka ke zuƙa daga ƙasa, yake taruwa kafin shuka ta yi amfani da shi. Da safe ka zagaya gonar, ka ciri ganye na huɗu daga sama a shuke-shuke 30 zuwa 40, ka zage ƙananan ganyayen, ka zuba tsinkayen a jakar takarda, kada ka sa a leda domin za su yi gumi. Ka nemi malamin gonarku ko ma'aikatan IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, da ke Wakwa su nuna maka inda ake awon. A ma'aunin da ake bi a Amurka, busasshen tsinken shukar da taki ya ishe ta kan nuna naitiret wajen kashi 11,000 zuwa 15,000 cikin miliyan lokacin da 'ya'ya ke girma, amma iri da ƙasa suna sauya wannan, don haka awo biyu da tazarar mako guda ya fi awo ɗaya faɗin gaskiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji kullum, wai duk ganyen da ya koɗe yunwar taki yake ji, kuma gonar da ta yi kore shar ita ce mai albarka. Wanda ke faɗa maka haka bai taka gonarka ba, buhu yake son sayarwa. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, idan ka ɗura wa dankali ita bayan ya fara sa 'ya'ya, sai ya mayar da ƙarfinsa ga ganye, 'ya'yan su yi jinkirin ƙosawa, fatarsu ta kasa ƙwari, su yi ruwa-ruwa, su riƙa ruɓewa a buhu kafin mota ta kai Garwa ko Marwa. Ganyen da ya cunkushe kuma yana riƙe laima, abin da cutar ƙunar ganye ke so ke nan a daminar Adamawa.

Ka duba da idonka ma: ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganyayen ƙasa yake farawa. Idan sababbin na sama ne suka koɗe, ko ruwa ya kwanta a kunya, ko ka ga baƙaƙen tabo, matsalar daban ce. Idan awo ya nuna ƙaranci, ka zuba kaɗan a gefen kunya ƙasa na da danshi, ka rufe, sannan ka sake awo bayan mako guda.