Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Finafinan Barkwanci da Masu Tallarsu

Wata baiwar Allah daga unguwar Maamobi a Accra ta rubuto cewa mahaifinta ya manyanta, ba ya fita sosai, kuma ba shi da hira sai ta finafinan Charlie Chaplin da ya gani yana saurayi, zamanin da yake zuwa silimar Dunia a Nima. Tana son ta tara masa jikoki ranar Sallah su kalla tare, amma tana tsoron yaran su yi tsit, ran tsoho ya ɓaci.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ki kwantar da hankalinki. Barkwancin Chaplin a motsin jiki da fuska yake, shi ya sa ba ya bukatar tafinta, kuma shekaru ba su rage masa armashi ba. A The Gold Rush na 1925 yunwa ta sa ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci da wuƙa da cokali mai yatsu cikin natsuwa, kamar wanda aka kawo wa gasasshiyar kaza. A Modern Times na 1936 yana ɗaure noti a masana'anta har ya bar bakin inji hannuwansa ba su daina juyawa ba. Yaron da yake dariyar Mr Bean, wanda aka fara nunawa a Ingila a 1990, zai yi dariyar waɗannan, domin sana'ar ɗaya ce. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne tsayi, tunda yaran yanzu sun saba da gajerun bidiyoyi na waya, tsohon fim kuwa sai ya shimfiɗa labari kafin dariya ta zo. Ki fara da The Kid na 1921, wanda bai wuce kimanin awa guda ba, ki karɓe wayoyin kowa, ki bar Baba ya riƙa yi musu bayani.

Wani magidanci daga unguwar Madina ta Accra yana tambaya ko ya sayi talabijin mafi girma, wai ƙila ƙanƙantar tasa ce ta hana iyalinsa dariya. Malam, wannan ba tambaya ba ce da mai iyali zai ɓata lokaci a kanta. Girman allo ba ya ƙara wa wasa daɗi, ka riƙe kuɗinka ka biya na makaranta.

Wani saurayi daga Nima ya ce a Circle, babbar mahaɗar hanyoyi ta Accra, an yi masa tallar filashi mai giga 128, cike da tsofaffin finafinan barkwanci ɗari uku, a kan kuɗin Ghana sidi 80, yana tambaya ko ya saya.

Ɗana, kada ka saya. Ka shiga kowane shagon kirki ka tambayi kuɗin filashi mai wannan girma babu komai a cikinsa, sannan ka tambayi kanka ta yaya mai talla zai ƙara finafinai ɗari uku a kai ya kuma ci riba. Yadda ake wannan ha'inci sananne ne. Ana ɗaukar ƙaramin filashi a sauya lissafin da ke cikinsa, ta yadda in an sa shi a kwamfuta zai nuna giga 128 alhali abin da yake iya ɗauka kaɗan ne. Sunayen finafinan duk za su fito reras, na farko da na biyu su buɗe a gaban mai saye, sauran kuwa sai an je gida za a tarar ba sa buɗewa. Mai tallar da yake yawo da kaya a hannu ba shi da shagon da za ka koma, kuma ba ya ba da rasit. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne matasanmu sun san haka, amma da zarar an ce musu araha sai hankali ya gushe, sun manta cewa araha ba ta ado.

Ko filashin ya zama na gaske, akwai matsalar kwafin. Domin a cusa finafinai da yawa a wuri kaɗan sai an matse su, hoto ya dushe, fuska ta zama inuwa, alhali rabin barkwancin Chaplin da takwaransa Buster Keaton a ido da gira yake. Haka kuma an ɗauki yawancin finafinan da ba su da magana da gudun da bai kai hoto 24 a daƙiƙa ba, wanda ya zama ƙa'ida bayan zuwan sauti, don haka kwafin da aka yi da ganganci yakan sa mutane su riƙa zabura suna gudu. Da yawa daga masu cewa tsohon fim ba ya ba da dariya, lalataccen kwafi suka gani. Kuma ka sani finafinan da suka fito a Amurka kafin 1929 sun fita daga haƙƙin mallaka a can, ana samun su kyauta a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe. In har sai ka sayi filashi, ka saya a shago, ka karɓi rasit, ka cika shi da kaya ka ga komai yana buɗewa, kuma kada ka tura wa kowa kuɗi ta waya kafin kaya su zo hannunka.

Hajiya daga Sabon Zango ta ce ta sa wa 'ya'yanta finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, ita tana ta dariya su kuwa suna kallonta. Hajiya, babu laifin yaran. Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, yakan gina wasansa a kan Hausar Kano da abubuwan da ake yayi a lokacin, kuma yaron da ya tashi a Accra yana cakuɗa Hausa da Turanci da Twi ba zai kama duk habaicin ba. Ki zaɓi waɗanda motsi ya fi magana yawa a cikinsu, ki kuma fara kallo ke kaɗai, domin a tsofaffin finafinai, namu da na Turawa, akan yi wa naƙasassu da wasu ƙabilu ba'ar da bai kamata yaro ya ɗauka ya kai makaranta ba.