Amsa ga Malam: gidaje a filayen masaƙun Kakuri

Malam, ka tambaya ko za a iya mayar da kufan masaƙun Kakuri unguwar zama. Ƙwarai kuwa, kuma ni abin yana raina tun tuni. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, yanzu ciyawa ce ke cin filin, alhali kuɗin haya na neman gagarar talaka a Kaduna. A Manchesta ta Ingila, tsofaffin masaƙun auduga na bakin magudanar ruwa a unguwar Ancoats an mayar da su gidaje ba tare da an rushe su ba.

Sai dai kafin a aza bulo ɗaya, dole a gwada ƙasar. Shekara da shekaru ruwan rini da sinadaran wanke yadi sun yi ta bin kwalbatocin Kakuri da Makera zuwa Kogin Kaduna. Mutanenmu kuwa da sun tare sai haƙa rijiya da shuka alayyahu a bayan gida. Idan ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba, yara ne za su sha dafin. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Ga kuma ambaliya. Wanda ya ga ta 2012 ya san a bar wa kogi hanyarsa, a dasa itatuwa a gaɓa.

Ka fara da KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta Jihar Kaduna, don sanin mai filin, sannan KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kan izinin gini. Kuma don Allah a ware wa iyalan tsofaffin ma'aikatan masaƙun kasonsu a farashin da za su iya biya.