Daga Ɗa'if zuwa Makka kowace safiya

Ɗan'uwa, ka tambayi mazauna ƙasashen waje abin da suke gani a hanyarsu ta zuwa aiki, ka ce kai kam ban da bayan motar wani da fitilar danja ba ka ganin komai. To bari in ba ka nawa, sai dai ka yi haƙuri, zai ɗan yi tsawo.

Shekara ta huɗu ke nan ina zaune a Ɗa'if ina aiki a Makka. Zafi ne ya kore mu, uwargida ta ce ba za ta ƙara yin bazara a Makka ba. Tafiyar kilomita 80 ce da ɗoriya, ta hanyar Hada, wadda ta ratso dutsen Kara. Hada tana da tudun wajen mita 2,000, Makka kuwa ba ta kai 300 ba. Wato duk safiya sai na gangaro wannan tazarar, duk yamma kuma in sake hawanta. Har yau kunnena sai ya toshe a tsakiyar gangaren, sai na yi hamma ya buɗe.

Ina idar da sallar asuba nake fita. Abin da nake fara gani shi ne miƙatin Wadi Muhrim, motoci a jere, mutane sun fito da fararen mayafan harami suna takure jiki don sanyi. Farkon zuwana kunya nake ji, su suna labbaika ni ina lissafin makara. Daga nan kaɗan sai ƙasa ta ƙare maka. Haka nake kiran wurin, don kana shan wata kwana sai ka ga babu komai a gefenka sai rami da sararin sama. A lokacin sanyi akwai ranakun da gajimare ke kwanciya a ƙarƙashinka, fari tas kamar an baza auduga a shanya, kawunan duwatsu kaɗai ne a waje. Sai ka gangara ka shiga cikinsa, ka daina ganin ko motar da ke gabanka, kowa ya kunna fitila ana rarrafe. Ba irin hazonmu na hunturu ba ne mai ƙura, wannan jiƙa gilashi yake yi.

Sai kuma birai, irin gwaggon birin nan masu jan zama. Kan katangar bakin titi suke jeruwa, uwa da ɗanta a baya, babban namijin can gefe ya haɗe rai kamar mai karɓar haraji. Baƙi ne ke tsayawa ba su ayaba, su ne kuma ke haɗa mana cunkoso. Sau ɗaya na sauke gilashi, ledar burodin karin kumallona ta tafi kafin in ce uffan. Tun daga ranar muka raba gari.

Amma gaskiyar magana, direba ba ya kallon hanyar nan, satar kallo yake yi. Kwana ce a kan kwana, ga kyamarorin Sahir masu kama masu gudun wuce ƙima, ga samarin da ke manne maka a baya suna maka fitila. A watana na farko birki nake takawa tun daga sama har ƙasa, ranar nan sai ƙauri ya cika motar, na taka na ji ya yi laushi. Allah ne ya kiyaye na samu wurin tsayawa. Bakaniken da ya duba bai ce min komai ba sai da ya gama dariya, sannan ya nuna min ƙaramar giya. Ainihin kyan wurin ban gan shi ba sai ranar da abokin aikina ya tuƙa ina gefe, a nan na lura da tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu a jikin dutsen.

Da ka sauka sai duniya ta canja: fili, yashi, ƙaya, zafi ya fara dukan gilashi. Sai ka wuce ta gefen Arfa. Wanda ya san ta ranar 9 ga Zulhajji kawai ba zai gane ta ba, fayau, masallacin Namira shi kaɗai tsaye ba kowa. Wannan ne wurin da har yau ban saba da shi ba, nakan rage rediyo ba tare da na yi niyya ba.

Komawa gida ta fi min daɗi. Kana hawa lambar zafi a allon mota tana sauka, a rabin dutse sai in kashe esi in buɗe taga. A sama ga masu rumfunan rumman da inabi da ɓaure, a Maris da Afrilu kuma lokacin furen wardin Ɗa'if ne, yara na sayar da shi a bakin hanya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa sai a rufe Hada saboda gangarowar duwatsu, a tura mu hanyar Sail tare da manyan motoci. Ta fi nisa, ba abin kallo, kuma tuwo ya huce kafin in isa. Jiya ma ita na biyo.