Likita, Da Gaske Ne Maganin Tsutsar Dabbobi Yana Maganin Korona?

Tambayoyi huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan magani ɗaya ne, wato ivermectin.

Assalamu alaikum Likita. Ƙanina da ke Amurka ya turo mini bidiyo, wai lokacin korona mutanen can sun riƙa shan maganin tsutsar dawaki suna warkewa, hukuma ce ta rufe maganar. Gaskiya ne?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sha dai sun sha, warkewar ce ba ta tabbata ba.

Maganar ta samo asali ne a watan Afrilun 2020, lokacin da masu bincike na Jami'ar Monash a Ostareliya suka zuba ivermectin a kan ƙwayar korona a cikin ɗakin gwaji, suka ga ta kusa ƙarewa cikin awa 48. Sai dai yawan maganin da suka zuba ya ninka abin da jinin mutum ke iya ɗauka nesa ba kusa ba. Wannan ɓangaren ne labarin ya bari a hanya. Zuwa 2021 mutane a Amurka sun koma shagunan kayan kiwo suna sayen na dawaki, wani mai kauri kamar man goge baki da ake matsa wa doki a baki, har hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta fito a watan Agusta tana tuna wa jama'a cewa su fa ba dawaki ba ne, ba kuma shanu ba.

Batun ɓoyewa kuwa, a fili aka gwada shi. Wani bincike daga Masar da masu yabon maganin suka fi jingina da shi an janye shi a Yulin 2021 saboda an gano tangarɗa a alƙalumansa. A Burazil aka raba majinyata 1,358 gida biyu, rabi aka ba su ivermectin, rabi ƙwayar da babu magani a cikinta. Da sakamako ya fito a 2022, maganin bai rage yawan masu kwanciya a asibiti ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsutsa halitta ce mai jijiya da tsoka, maganin shanye mata jiki yake yi ta mutu. Ƙwayar bairos ba ta da ko ɗaya, don haka maganin ba shi da inda zai kama ta. Kuma yawancin masu korona ko mura da kansu suke miƙewa cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya sha a rana ta biyar ya ji sauƙi a ta bakwai, ai maganin zai yi wa godiya.

Ni makiyayi ne, ina da kwalbar allurar da nake yi wa shanu saboda tsutsa da kaska. An ce sinadarin ɗaya ne da na mutane. In na rage yawansa na sha saboda mura fa?

Malam, sinadarin ɗaya ne, haɗin ne daban. Duba jikin kwalbarka: mil ɗaya ga kowane kilo 50 na nauyin saniya, kuma a ƙarƙashin fata ake yin ta. Na dawaki kuwa, sirinji guda an auna shi ne don dokin da ya haura kilo 500. Na mutane ƴar ƙwaya ce mai miligiram 3, ana lissafa ta da nauyi ko tsayin mai sha. Da cokalin shayi da ƙiyasin ido ba za ka daidaita wannan ba. Ga kuma ruwan da aka narkar da maganin a ciki, wanda ba don cikin ɗan Adam aka tsara shi ba. Ko da ka dace da awon ma, murar tana nan inda take.

Amma Likita, a ƙauyenmu ma'aikatan lafiya da kansu suke raba Mectizan duk shekara. Mu daina karɓa ke nan?

A'a, Baba, kada ku daina. Nan ne ma abin yake ba ni takaici, domin hayaniyar korona ta shafa wa magani mai daraja baƙin fenti. Mectizan ivermectin ne na mutane, tun 1987 kamfanin Merck ke bayar da shi kyauta don yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa, ana kuma haɗa shi da wani maganin a yaƙi da tundurmi. Waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun karɓi kyautar Nobel a 2015. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta raba gari da wannan makanta, ita ce ta farko a Afirka.

Ka lura da sandar nan mai fenti da suke tsayar da mutum a jikinta kafin su ƙirga masa ƙwaya. Awo ne. Yaron da bai kai santimita 90 ba ba a ba shi, mai juna biyu ma haka. A dazuzzukan Kamaru, inda ake da tsutsar ido mai suna Loa loa, sai an yi taka-tsantsan, don wanda take da yawa a jininsa maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Maigidana ya sha na shanu jiya da daddare saboda zazzaɓi da tari. Yanzu yana jiri da amai. Me zan yi?

Ƴar'uwa, ki kai shi asibiti yanzu, ki tafi da kwalbar a hannu, ki faɗa musu yawan da ya sha da lokacin. Kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi ƙaƙaro amai. Idan ya fara sambatu, ko tafiyarsa ta zama ta mai maye, ko ganinsa ya dushe, ko jijjiga ta kama shi, maganin ya kai ga ƙwaƙwalwa ke nan. Ki kwantar da shi ta gefe a cikin mota. Ki sanar da su in yana shan warfarin, maganin tsinka jini, don ba sa jituwa. Sannan ki roƙa a yi masa gwajin maleriya, tunda zazzaɓin da ya sa shi shan maganin har yanzu ba a san na mene ne ba. Allah Ya ba shi lafiya.