Shekara 30 a Gefen Babban Koci: Mene Ne Aikin Mataimaki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina bin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta waya. Kullum sai in ga mutum uku ko huɗu zaune a gefen babban koci, kowa riƙe da takarda. Wani abokina ya ce waɗannan 'yan wasa ne da suka kasa kai wa ko'ina, aka ba su kujera don kada su rasa abin yi. Shin haka ne? Kuma mataimaki yana iya zama babban koci? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya a abu ɗaya: yawancin mataimakan nan ba su yi suna a lokacin da suke wasa ba. Amma ya yi kuskure babba da ya ɗauka kujerar tausayi ce. Bari in ba ka labarin mutum ɗaya, domin rayuwarsa ta amsa tambayoyinka biyu.

Sunansa Bill Guthridge, an haife shi a garin Parsons na jihar Kansas a 1937. Ya buga wa jami'ar Kansas State wasa a ƙarshen shekarun 1950, a hannun Tex Winter, kocin da daga baya ya shahara da tsarin kai hari mai kusurwa uku a Chicago Bulls. Guthridge ba tauraro ba ne, bai kuma buga NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ba. Lissafi ya karanta. Da ya gama sai ya horar da yaran wata makarantar sakandare, sannan ya koma wa maigidansa Winter a matsayin mataimaki. A 1967 Dean Smith, babban kocin jami'ar North Carolina, ya ɗauke shi zuwa can, ya zauna a gefensa shekara 30 cur.

To, me ya yi ta yi a cikin waɗannan shekaru? Abin da kake gani a waya minti 40 ne na wasa, aikin mataimaki kuwa kusan duk yana faruwa ne inda kyamara ba ta zuwa. Jami'a ba ta sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ta Turai. A al'adar da aka daɗe a kai, sai an je makarantun sakandare an duba yara, an zauna da iyayensu, an shawo kansu. Mataimaki ne ke cin wannan hanya. Yana zaune a ɗan ƙaramin ɗakin wasa yana kallon yaro mai shekara 16, yana ƙoƙarin hango abin da zai zama bayan shekara huɗu. Guthridge yana cikin waɗanda suka fara zuwa Wilmington don duba wani yaro mai suna Michael Jordan. Yaron nan ne ya jefa ƙwallon da ta ba North Carolina kofin ƙasa a 1982, da ci 63 da 62 a kan Georgetown.

Bayan neman 'yan wasa akwai gyaran su. Guthridge ne ke kula da dogayen da ke wasa a ƙarƙashin kwando, yana kuma gyara wa yara hannu wajen jifa. Kafin 1972 dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba ta barin ɗalibin shekarar farko ya shiga babbar ƙungiya, don haka sababbin shiga suna da tasu ƙungiyar, kuma shi ya riƙe ta a farkon zuwansa. Sai nazarin abokan karawa: wane hannu ɗan wasansu ya fi amfani da shi, wace dabara suke komawa gare ta idan wasa ya yi zafi. Takardun da ka gani a hannunsu ke nan. Ga kuma tarbiyya, domin waɗannan ɗalibai ne, wanda ya faɗi jarrabawa ba zai taka fili ba. A North Carolina an san Guthridge da tsanani a kan kiyaye lokaci da bin doka.

Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne zaman nan zaɓinsa ne. Wasu jami'o'i sun neme shi ya zama babban kocinsu. A 1978 magana ta yi nisa tsakaninsa da Penn State, daga baya ya fasa ya ci gaba da aikinsa. Mutumin da ake zawarci yana cewa a'a ba za a kira shi wanda ya rasa abin yi ba. Yana tare da Smith lokacin da Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, yana nan kuma a kofin 1993 da suka doke Michigan.

Tambayarka ta biyu: ƙwarai kuwa, kusan duk babban koci ta wannan kujera ya biyo. Roy Williams ya yi shekara goma yana mataimakin Smith kafin ya karɓi Kansas a 1988. Shi Guthridge nasa lokacin ya zo a Oktoban 1997, da Smith ya yi ritaya da nasara 879. Guthridge yana da shekara 60 a lokacin. A kakarsa ta farko, da Vince Carter da Antawn Jamison a ƙungiyar, ya ci wasa 34, ya faɗi 4, ya kai zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, aka zaɓe shi gwarzon koci na shekara. A 2000 ƙungiyar ta sha wuya, magoya baya suka yi ta gunaguni, amma ya sake kai ta wannan zagaye. A wannan shekarar ya ajiye aiki, bayan kaka uku kacal.

Ni a ganina waɗannan kaka uku sun nuna cewa tun da daɗewa ya cancanci babbar kujera, shi ne dai bai ga dalilin barin wadda yake kai ba. Dean Smith ya rasu a watan Fabrairun 2015, Guthridge ya bi shi a watan Mayun shekarar, wata uku tsakani.